Masu haɗa RAID, don Allah ku bar waɗannan kurakuran

Satin nan kaɗai sarba biyu (manyan kwamfutocin da ke riƙe bayanan buro) aka kawo mini shago nan Zango, duk ciwo ɗaya, na RAID, wato haɗa diski da yawa su yi aiki kamar guda, shi ya sa na ce bari in rubuta ko na huta da maimaitawa.

Zan fara da wanda ya taɓa cin kuɗina. Kwantarola, wato katin da ke sarrafa diskin RAID, hanya biyu gare ta wajen rubutu, ko ta jira sai diski ya rubuta kafin ta ce an gama, ko ta riƙe bayanan cikin ƙwaƙwalwarta ta ce an gama alhali ba su sauka ba. Ta biyun ce mai sauri, amma ɗan batirin da ke manne da katin shi ke riƙe bayanan in wuta ta ɗauke. To zafin Damagaram na watan Afrilu ba ya barin batirin nan ya daɗe. In ya mutu kwantarola da kanta takan koma hanyar farko, sarba ta yi nauyi, sai mai wayo ya shiga ya zaɓi Always Write Back, wato a tilasta mata hanya ta biyu ko ba batir, wai ya gyara. Ni ne mai wayon nan. A wani buro na yi, ashe batirin ondilar ɗinsu, na'urar da ke riƙe sarba in wuta ta ɗauke, shi ma ya gaji, wuta ta ɗauke da rana tsaka kafin a tada gurup, rumbun lissafinsu ya dagule, kwana uku ni da kwantabul muna sake shigar da fakitir daga takarda ɗaya bayan ɗaya, kuɗin aikina ko dala ban iya buɗe baki na tambaya ba. Tun ranar in batir ya mutu sarba ta yi ta jan ƙafa har a sayo sabo, ko patron zai yi fushi ya yi.

Sai RAID 5 a kan manyan diski. Na san dalili, diski uku sun isa kuma ɗaya kawai kake asara a wuri. Amma mutuwar ɗaya tak yake jurewa, kuma in ka sa sabo dole a karance sauran daga farko har ƙarshe, diskin tera 8 yana iya kwana yana wannan aiki, ga su duk sa'o'in juna ne rana ɗaya aka sayo su. Na biyu ya yi tari a tsakiya shikenan. Haba jama'a, diski ɗaya nawa ne? Ƙara shi ka yi RAID 6 mai jure biyu. Ni dai in rumbun bayanai ne RAID 10 nake yi da diski huɗu, rabin wurin ya tafi, na yafe.

RAID 0 kuwa, mai rarraba bayanai kan diski don sauri, sifilin nan shi ne adadin kariyar da ke ciki.

Kuma RAID 1 ba ajiya ba ce, madubi ne, ka goge fayil nan take ya goge can. Ni diskin waje biyu nake juyawa, ɗaya kullum yana gida.

Diskin tera 2 da na tera 4 in ka haɗa su, 2 za ka samu daga kowanne. Diski samfurin SMR, mai jera layukan rubutu wani bisa gefen wani, kar ya shiga. Mai amfani da ZFS, tsarin ajiye fayil mai haɗa diski da kansa, ya bar masa diski tsirara, kar kwantarola ta shiga tsakani. A busa ƙura bayan hunturu, kuma a riƙa leƙa fitilun gaba, na ga sarbar da ta yi watanni da jar fitila, ƙararrawar ma an kashe ta wai tana damun sakatare.

In ka canja kwantarola ta ce ta ga baƙon tsari, wato tsohon haɗin RAID da ke kan diskin, Import za ka danna ta karɓe shi. Wani yarona ya danna Clear mai share tsarin, ya bi da Initialize mai goge bayanan, sannan ya kira ni.