Kurakuran da ake yi wajen tantance kifin Parapercis na zurfin teku

Kano ba ta da teku, don haka ɗalibin ilmin dabbobi a Jami'ar Bayero ba zai haɗu da Parapercis ba sai a hoto, ko a cikin kwalba. Wanda ya saba da karfasa da tarwaɗa na dam ɗin Tiga yakan dubi kifi ya faɗi sunansa nan take. Wannan ɗabi'ar ce take kayar da mutane a nan.

Parapercis, wanda masanin kifi Bleeker ya raɗa wa suna a 1863, yana cikin dangin Pinguipedidae. Kifi ne mai dogon jiki da ke zama a kan yashi ko tsakuwar ƙasan teku, mafi yawansa a tekun Indiya da na Fasifik, kuma nau'o'insa sun haura 70. Tsofaffin littattafai suna kiran dangin Mugiloididae, kada hakan ya ruɗe ka.

Babban kuskure shi ne dogaro da launi. Na zurfin ruwa galibi ja ne ko ruwan hoda mai ratsin rawaya, waɗannan launukan kuwa su ne suke fara gushewa a fomalin da etanol, magungunan da ake adana kifi a ciki. Sai ka ga nau'i biyu mabambanta sun koma fari fat iri ɗaya. Ga kuma wata matsalar: a nau'o'i da dama kifin yakan fara rayuwa a mace, daga baya ya rikiɗe ya zama namiji, zanen kumatu da na jiki su canza. Mai gaggawa sai ya ba mace da namiji suna biyu. Maganin abin, a ɗauki hoton gefen hagu tun kifin yana sabo, an baje fikafikai, sannan a bar hukunci ga ƙirge.

A ƙirgen ma ana zamewa. Fiffiken baya ɗaya ne a haɗe, gabansa ƙayoyi masu tauri, yawanci 4 ko 5, bayansa tsinkaye masu laushi, 20 da ɗoriya. Ana rubuta ƙaya da lambar Rum, tsinke da lambar da muka saba, misali V,21, wato ƙaya 5 da tsinke 21. Tsinken ƙarshe yakan tsage har gindi, a ƙirga shi ɗaya, ba biyu ba. Ƙayar farko kuma gajeriya ce, tana kwanciya, sai an ɗaga ta da allura. Adadi kaɗai bai isa ba: duba ko ƙayoyin suna ƙara tsawo ne har ta ƙarshe, ko ta tsakiya ce ta fi tsayi. Wannan yana raba nau'o'in gida biyu, amma da yawa ba sa kula shi.

Sai baki, inda ainihin aikin yake. A gaban muƙamuƙin ƙasa akwai fiƙoƙi a jeren waje, 6 ko 8 ko 10 gwargwadon nau'i. Koma tana karya su, don haka idan ka samu 7, nemi gurbin wadda ta fita kafin ka rubuta. Daga nan ka shafa gefen ganɗa da bakin allura a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ka ji ko akwai haƙora a wurin. Wasu nau'o'in suna da su, wasu babu, kuma majina takan rufe su, sai an ɗan busar da wurin.

Ɓawon layin gefe, wato layin da ya bi gefen jiki daga kai zuwa wutsiya, shi ma koma tana kankare shi. Idan ya zube, ƙirga guraben da ya bari.

Wajen awo, tsawon da masana suke aiki da shi yana farawa daga bakin hanci ya tsaya a ƙarshen ƙashin gindin wutsiya, inda fata take lanƙwashewa in ka karkata wutsiyar. Wanda ya haɗa da fiffiken wutsiya, duk lissafin girman ido da na kai da zai biyo baya ya lalace.

Wasu kan ɗauki Parapercis a matsayin ɗan wani dangin kifi daban mai suna Synodontidae, saboda su ma haka suke kwanciya a yashi. Waɗancan ba su da ƙaya a fiffike, kuma yawancinsu suna da ɗan ƙaramin fiffiken tsoka kusa da wutsiya.

Mai niyyar gwajin DNA ya yanki tsoka daga gefen dama ya sa a etanol mai ƙarfin kashi 95 tun kafin kifin ya taɓa fomalin, domin fomalin yana lalata DNA. Sauran jikin ya shiga fomalin kashi 10, daga baya a wanke a mayar da shi etanol kashi 70. Da zafin Kano na watan Afrilu etanol yana saurin tsotsewa, sai a riƙa duba murfin kwalba. Takardar da ke ɗauke da wurin kamu, zurfi da kwanan wata a rubuta ta da fensir, a sa ta cikin kwalbar, ba a manna a waje ba.