Yadda Ake Neman Tsohuwar Motar Tarihi Don Farfaɗo Da Ita

Wanda ya shafe shekaru yana neman wata mota, ranar da ya ɗaga tamfol ya gan ta ba ya ganin aibinta. A nan ake tafka asara. Shi ya sa aikin ke farawa da biro da takarda, tun ba a ga motar ba.

Rubuta ainihin abin da kake nema: ƙira, shekara, irin inji, irin giya, da ɓangaren da sitiyari yake. Cewa "tsohuwar Marsandi" bai isa ba. Marsandi ƙirar W123 kaɗai, wadda aka ƙera daga 1976 zuwa 1986, akwai mai ƙofa huɗu, akwai mai ƙofa biyu, akwai doguwa mai faɗin baya, ga ta fetur ga ta dizal. Shekara ɗaya tana sauya lissafi gaba ɗaya. Porsche 911 ta 1976 zuwa sama an lulluɓe ƙarfen jikinta da sinadarin zinc mai hana tsatsa, waɗanda suka girme ta kuwa tsatsa ta fi yi musu ɓarna. Volkswagen Beetle ta da wutarta bolt 6 ce, sai wajen 1967 aka fara komawa 12. Ƙarƙashin wannan, rubuta lahanin da za ka iya haƙura da shi da wanda in ka gani za ka juya, ka tafi da takardar duk inda za ka duba mota.

Motoci masu kyau ba kasafai suke kaiwa ga talla ba, daga hannu zuwa hannu suke wucewa. Shiga ƙungiyar masu irin motar, domin da yawansu suna ajiye rajistar lambobin shasi, sun san wadda ta yi shekara goma a gareji da wadda magada ke son rabuwa da ita. Masu sayar da kayan gyaranta da tsofaffin makanikai ma sun san wanda ya fara gyara ya gaji. A intanet, gwada rubuta sunan motar da kuskure, don mai tallar da bai san darajarta ba sau da yawa bai iya rubuta sunanta ba. Tallar da ta daɗe ma a kira, wataƙila ba a sayar ba. In ka hango ta a gidan wanda bai ce zai sayar ba, bar masa lambar waya, kada ka ambaci kuɗi, ka riƙa leƙowa bayan 'yan watanni.

Kafin ka yi tafiya, nemi hotuna takamaimai: lambar shasi, ƙarƙashin mota, daɓen ciki an ɗage kafet, cikin but, mazaunin batir, da takardun mallaka. Mai sayarwa da ya turo hoto ashirin na fenti yana sheƙi amma babu ko ɗaya na ƙasa, ya riga ya ba ka amsa. Kada ka tura kafin alƙalami kan motar da kai ko wakilinka bai taɓa da hannu ba. Ba a cinikin biri a sama.

Da ka isa, fara da lambobi. Lambar shasi ta VIN mai haruffa 17 sai daga 1981 ta zama tsari, kafin nan kowane kamfani da nasa salon, don haka ka san inda ake buga ta a irin motarka tun daga gida. A Beetle tana kan tudun tsakiya ƙarƙashin kujerar baya, akwai kuma faranti a bayan safayar taya a gaba. Lambar da aka buga a ƙarfe, da ta faranti, da ta takarda, dole su zo ɗaya. Duba alamar walda ko guga kewaye da lambar, da kusoshin faranti in sun yi sabunta. Lambar tana tona asirin ƙarya ma: a Ford Mustang ta 1965 harafi na biyar shi ne na inji, K kuwa shi ne injin 289 mai ƙarfi, wanda ake yawan jingina wa motar da ba da shi ta fito ba. Wasu kamfanoni suna da kundin ƙira. Mercedes na da katin bayanan kowace mota, kamfanin Volkswagen yana ba da takardar ranar ƙira, British Motor Industry Heritage Trust a Gaydon kuma yana yin haka ga motocin Ingila da dama. Motar da ba ta da takardun mallaka, ɗauke ta a matsayin tarin kayan gyara, ka biya kuɗinta a haka.

Sai tsatsa, kuma a nan za ka ɓata mafi yawan lokacinka. Inji ana sauke shi a sake shi cikin makonni, ruɓaɓɓen bodi kuwa yana cin shekaru da kuɗin da ya ninka na sayen motar. Zo da tocila, ƙaramin maganaɗisu da aka naɗe da ƙyalle, sukudireba, jak, da tabarmar kwanciya a ƙasa. Tsatsa daga ciki take fitowa, saboda haka ƙurjin da ka gani a fenti kamar ƙwayar wake, bayansa rami ne kamar tafin hannu. Bi da maganaɗisu a gindin ƙofofi, bakin madigadi, da dokin ƙofa. Inda ya ƙi kamawa, foti aka cika. In kana da na'urar auna kaurin fenti, na kamfani yakan tsaya tsakanin maikuron 100 zuwa 200, wanda ya haura 1,000 kuwa foti ne ba shakka.

Kowace ƙira da inda take ruɓewa. W123 tana ci ta wuraren sa jak, ƙarƙashin batir, da magudanan ruwan da ganye ke toshewa har ruwa ya gangara daɓe. Beetle tana ci ta hanyoyin iskar ɗumi da ke bin gefen daɓe, kuma su ne ƙashin bayan bodin, in sun tafi ƙofofi sukan fara saki. Tsohuwar Land Rover tana yaudarar ido, domin fatar jikinta alminiyom ce, ba ta jan tsatsa kuma maganaɗisu ba ya kama ta. Ƙarfen yana cikin shasi da bangon da ke tsakanin inji da direba, can za ka ƙwanƙwasa. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum. Baƙin kwalta sabo fil a ƙarƙashin motar da ta yi shekaru a ajiye abin tuhuma ne. Nemi izini kafin ka caka sukudireba, in an hana ka, rage farashi kamar ka ga ramin.

Duba tazarar ƙofofi. In ta yi faɗi a sama ta matse a ƙasa, ko bodin ya lotsa ko an taɓa yin haɗari.

Injin da ya daɗe a kwance kada a tayar da shi, ko da mai motar ya matsa. Man inji ya tsane daga jikinsa, zoben fistin na iya manne wa bangon silinda, bugu ɗaya ya karya su. Zare sandar awon mai: in ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, galibi ta gasket. Cire fulogi, zuba kamar cokali ɗaya na mai a kowace silinda, sa sifana a babban notin fulin gaba ka juya a hankali. In ya zagaya sau biyu ba tare da cijewa ba, alhamdu lillahi. In injin yana tashi dama, a auna matsin kowace silinda, bambancin da ya wuce kashi 10 cikin 100 yana nuna bawul ko zobe sun gaji. Kada ka yarda da kilomitan da agogo ya nuna, yawancin na da lamba biyar ne, suna komawa sifiri bayan 99,999. Cinyewar robar feda da kujerar direba sun fi shi gaskiya.

Abin da sababbin shiga ke rainawa shi ne ƙananan kaya. Fistin da bel da birki ana ƙera sababbi, amma gilashin baya, adon ƙarfe na gefe, fitilu, maɓallan dashbod da tambari, wani sai a shekara ana nema. Motar da wani ya wargaza ya zuba a kwalaye ta fi kowace haɗari, don ba ka san abin da ya ɓata ba sai ranar haɗawa. Ƙirga komai, ɗauki hoto, sa a cikin takardar ciniki tare da lambar shasi da ta inji da sa hannun ku biyu. In daga wata ƙasa za ka shigo da ita, bincika dokar shekaru tukuna. Amurka, misali, tana sassauta wa motar da ta kai shekara 25.

Wajen ciniki, kai hotunan ga mai walda da makanike su yi maka ƙiyasi, ka ƙara aƙalla rabi a kai, domin abin da ke ƙarƙashin fenti bai gama bayyana ba. Haɗa da kuɗin saye, ka gwada da farashin irinta da aka riga aka gyara. Sau da yawa wadda ta fi tsada a yau ita ce mai araha.

Ranar ɗauka, zo da motar ɗaukar mota mai igiyar ja, kada ka tuƙa ta ko da tazarar kusa ce. Man birki yana shan danshi ya cinye bututu daga ciki, tiyon fetur ya bushe, ɓeraye kuma sun yi ta'adi a wayoyi. Taya mai lambar kwanan wata guda uku an yi ta kafin 2000, iska kawai za a ba ta don a gangara da motar. In birkin baya ya cije, bubbuga gangar da gudumar roba har ya saki. A gareji, cire batir, tsiyaye tsohon fetur, sa katako a tayoyi maimakon jan birkin hannu, sannan ka ɗauki hoton kowane lungu kafin ka kwance noti na farko.