Yadda Ake Rubuta Labarin Matashiya Mai Kisan Ɓoye

Abin da ke jan matasa ga irin wannan ƙagaggen labari shi ne ganin tsararsu, ƴar shekara 16 wadda manya suka koya wa kisa, tana neman ƙwatar kanta. Saboda haka marubuci ya fara bayyana wanda ya ɗora mata wannan kaya, da abin da za ta rasa idan ta ƙi. Kada a aro dodannin Turawa alhali muna da Doguwa da layar zana, ga fadar Sarkin Gobir da ke garin Tsibiri da bakin Gulbin Maraɗi. A taƙaita zubar da jini, a tsawaita daren da barci ya gagare ta bayan aikin farko, domin a ganina nan ne take shiga ran mai karatu.