Yadda ɗalibin jami'a zai tsara bincike kan wayar da ke gane halin da mai ita yake ciki

Wayar salula tana ɗauke da ƙananan na'urori masu auna motsi da haske da sauti da wurin da take. Burin wannan fanni, wanda Bill Schilit da Marvin Theimer suka raɗa wa suna "context-aware computing" a 1994, shi ne manhaja ta tattara waɗannan ma'aunai ta gane ko mai wayar tafiya yake yi, ko tuƙi, ko kuwa yana cikin taro, sannan ta daidaita aikinta ba tare da an umarce ta ba.

Ɗalibi ya fara da zaɓar tambaya guda ɗaya tak, misali bambance zama da tsayuwa da hawa matakala. Kafin ya tattara bayanan kansa, yana da kyau ya gwada hannunsa a kan tarin bayanan da Jami'ar Kalifoniya ta Irvine ke ajiye da su, inda mutum 30 suka ɗaura waya a ƙugu suka yi ayyuka 6, ana ɗaukar awo sau 50 a kowace daƙiƙa. Sai dai ya tuna cewa mutane ba sa yawo da waya a ɗaure. Tana aljihu ko cikin jaka tana jujjuyawa, don haka dole nasa bayanan su ƙunshi irin wannan yanayi.

Wajen gwaji ne akasarin masu farawa suke tuntuɓe. Kowane mutum da irin takunsa, saboda haka idan bayanan mutum ɗaya suka shiga cikin waɗanda ake horar da manhajar da su da kuma waɗanda ake gwada ta da su a lokaci guda, manhajar za ta haddace tafiyarsa ne kawai, sakamakon ya yi kyau a takarda alhali babu abin da ta koya. Hanyar da ta dace ita ce a ware mutum ɗaya gaba ɗaya, a horar da manhajar da sauran, a gwada ta a kansa, sannan a maimaita haka har kowa ya samu zagayensa.

A auna cin batir ma, domin GPS, wato tsarin gano wurin da waya take, yana zuƙe caji sosai. Gara na'urar auna motsi ta riƙa tada shi idan an fara tafiya kawai.

Kada a ɗauki bayanin kowa sai kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a ya amince, mahalarta kuma sun sa hannu bisa sani. Binciken StudentLife na Kwalejin Dartmouth a 2013 ya bibiyi ɗalibai 48 tsawon mako 10, kuma daga wayoyinsu aka ƙiyasta barcinsu da yawan hirarsu. Bayani mai tona asiri irin wannan ya fi dacewa a sarrafa shi a cikin wayar, a tura taƙaitaccen sakamako kawai zuwa kwamfutar mai bincike.