Giyar otomatik ta maƙale a P ko ta ƙi canzawa: yadda za ka gano matsalar

Ana yawan tambayar abin da ke sa giyar otomatik ta maƙale a P (wato fakin) ko ta ƙi canzawa. Sau tari laifin na lantarki ne, don haka kada ka yi saurin sauke giyabos.

1. Ja birkin hannu.
2. Auna batir da mita. Mota a kashe ya ba da kusan volt 12.6, a kunne 13.5 zuwa 14.5. Batir mai rauni kan rikita kwamfutar giya.
3. Taka birki, wani ya duba maka fitilun baya. In ba su kama ba, makunnin da ke saman fedar birki ne ko fis ɗinsa, kuma makunnin nan ne ke sa a saki giya daga P.
4. Duba fis na giya. Hattara: in ya ƙone, sa mai lamba ɗaya da shi, kada ka ɗaura waya.
5. Jona na'urar sikanin, wadda ke karanto lambobin matsala daga kwamfutar mota, a soket ɗin ƙasan sitiyari.
6. Rubuta lambobin kafin ka goge komai, nan mutane ke yin ɓarna. P0700 nuni ne kawai cewa giya na da ƙorafi. P0705 na nuni ga sansar matsayin giya (na'urar da ke gaya wa kwamfuta giyar da aka sa), P0720 ga sansar gudu, P0750 kuwa ga solenoyid, wato bawul ɗin lantarki da ke sarrafa man giya.
7. Kashe mota, cire kan batir na negatif (mai alamar -).
8. Zare soket ɗin giyabos, ka nemi tsatsa, mai ko wayar da ta tsinke. Tsabtace shi tukuna, mai yiwuwa sansar lafiyarta ƙalau.
9. Canza abin da awo ya tabbatar ya mutu kaɗai.
10. Mayar da soket da kan batir, goge lambobin, ka zaga da motar, ka sake sikanin.