Ɗalibin lauya, ga yadda ake bin fayil ɗin mai jiran shari'a

In kana aji uku ko huɗu a tsangayar shari'a kuma har yanzu ba ka taɓa leƙa kilinik ɗin shari'a na makarantarku ba, wato inda ɗalibai ke koyon aiki ta hanyar taimaka wa marasa hali, gaskiya kana cutar kanka. BUK da ABU da Jami'ar Maiduguri duk suna da shi, ƙungiyar NULAI, mai haɗa cibiyoyin tallafin shari'a na jami'o'i, ce tun 2003 take ta yaɗa tsarin a jami'o'in Najeriya. Je ka ba da sunanka ka ce a sa ka cikin masu ziyarar gidan yari.

Ranar zuwa littafi da biro sun ishe ka, waya dama a ƙofa gandirobobi za su karɓe. In an kawo maka mutum ku gaisa tukuna, a bar turancin aji a aji. Ka faɗa masa ƙarara kai ɗalibi ne, ba ka da ikon tsaya masa a kotu, kuma don Allah kar tausayi ya ɗebe ka ka ce masa sati mai zuwa zai fita, wallahi ƙirga kwanakin zai yi ta yi.

Ka rubuta cikakken sunansa har da laƙabi, don wani lokaci sunan da ɗan sanda ya rubuta daban yake da na gida, sai caji ofis ɗin da aka fara kai shi, ranar kamu, kotun da ta turo shi, da yaushe rabonsa da ganin alƙali. Lambar ƙara ita ce uwa uba, in bai sani ba tana jikin takardar tsarewa a ofishin rekod na gidan. Ba lambar nan, a rajistirin kotu sai dai a yi ta ce maka dawo gobe.

Daga nan ka auna da doka. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40. Dokar ACJA ta 2015 kuma, wato dokar tarayya ta gudanar da shari'ar laifuka, kwana 14 ta ba umarnin tsarewa na farko kafin a sabunta, amma ka duba ta jiharku, Kano ta yi tata a 2019. Sau da yawa za ka tarar fayil ɗin mutum yana ma'aikatar shari'a ana jiran shawarar ko za a gurfanar da shi, wani kuwa an ba shi beli tuntuni mai tsaya masa ne babu, dangi na can ƙauye ba su ma san inda yake ba. Shi ya sa ka karɓi lambar wani nasa. Kuma mace ma za ta iya karɓar beli, ACJA ta faɗa.

Rahotonka malamin kilinik za ka kai wa, shi zai haɗa da lauyan hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1976 don marasa hali. Labarin mutumin amana ne, kar ya hau sitatus ɗin WhatsApp. Ranar zaman kotu kuma ka je da wuri ka tabbatar sunansa na cikin jerin ƙararrakin ranar.