Kurakuran da Iyaye Suka Fi Yi Kan Hoton Zuciyar Yaro Mai Huji

Cikin jarirai ɗari da ake haifa, kusan ɗaya kan zo duniya da matsala a halittar zuciyarsa, sau da yawa huji a bangon da ya raba ɗakunanta. Da hoton zuciya, wanda likitoci ke kira eko, ake ganin hujin, da shi kuma ake tsara gyaransa.

Iyaye da yawa kan ce ai an yi masa hoton, alhali gwajin da ake manna wayoyi a ƙirji aka yi, wanda ke zana bugun zuciya a takarda. Wannan ba ya nuna girman huji. Eko shi ne wanda ake shafa mai a ƙirji, a ɗora ɗan kan na'ura, zuciyar ta bayyana a allo tana harbawa, jini yana gudu cikin launin ja da shuɗi. Da sauti yake aiki, ba shi da hasken da ke cutarwa, ko sau goma aka maimaita babu illa. A nemi likitan zuciyar yara ya yi shi, kuma a shayar da jaririn kafin a fara, domin yaro mai tsala kuka ba ya ba da hoto mai kyau.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne jira ba tare da komawa asibiti ba. Gaskiya ne ƙaramin huji tsakanin ɗakunan ƙasa yakan toshe da kansa a shekarun farko. Babba kuwa jini yake ta turawa huhu fiye da kima. Sai ka ga jariri yana haki da gumi wajen shan nono, ya kama ya saki, ba ya ƙara nauyi, kullum ciwon ƙirji. In aka daɗe, jijiyoyin huhun su yi tauri, a kai matsayin da toshe hujin zai zama haɗari. A wannan lokacin yaron yakan yi kamar ya samu sauƙi, iyaye su yi ta hamdala, alhali dama ce ke kuɓucewa. Ƙarar da ake ji da abin sauraron ƙirji ma ba ma'auni ba ce: ƙaramin huji ya kan fi babba ƙara.

Wasu kuma da tsohon sakamako na shekara biyu suke tara kuɗin tafiya Indiya. Zuciyar yaro tana girma, hujin ma yana canzawa. A sake hoton, a karɓi bidiyonsa tare da takardar.

Sai tsoron hoton da ake zura na'ura ta maƙogwaro. Hanyar abinci tana daf da bayan zuciya, shi ya sa hoton can ya fi fita tangaram, kuma yaron na cikin barcin allura, bai san ana yi ba. Da shi likita ke auna faɗin huji da gefunansa, yana kallo yayin da ake tura siririn bututu ta jijiyar cinya, a buɗe wata 'yar lema ta ƙarfe a toshe wurin ba tare da an tsaga ƙirji ba. Ba kowane huji ne yake karɓar lemar ba. In gefen bai isa ya riƙe ta ba, sai tiyata, kada a matsa wa likita. Kuma in an ce kada ya ci komai kafin aikin, kada tausayi ya sa a ba shi ko kunu, domin yana iya dawowa ya shiga huhu.

Bayan gyara, kada lafiyar da aka gani ta sa a daina zuwa. Ana sake eko don a tabbatar lemar na nan daram, babu yoyo, babu ruwa a kewayen zuciya. Asfirin da aka rubuta, galibi na wata 6, a sha shi har ƙarshe, kuma a gaya wa likitan haƙori kafin ya taɓa bakin yaron.